Kakan da Ke Cikin Waya

Duk lokacin da malamai 'yan'uwana suka zauna musu a kan ko waya tana taimakon mai koyon Ingilishi ko ɓata shi take yi, sai in ji bakina ya yi nauyi. Da can ni ce uwar surutu a wannan zance, har miƙewa nake ina buga tebur. Yanzu in aka juyo kaina aka ce ke fa me kika gani, sai in ce ban sani ba, su ɗauka jan aji nake yi. Alhali da gaske ban sani ba, kuma wani dattijo mai sayar da atamfa a kasuwar Treichville ne ya jefa ni cikin wannan hali.

A Adjamé aka haife ni, a irin gidajen hayan nan da muke kira kur, ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Faransanci ya riga Hausa zama a bakina, har yau in na yi magana tsofaffinmu sukan kalli juna su yi murmushi. Ingilishi kuwa a lekol, wato makarantar boko, na tsince shi, na riƙe shi hannu bibbiyu, don shi kaɗai ne darasin da ban taɓa shan bulala a kansa ba. Da safe ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta. Bayan la'asar, sau uku a mako, ina da wani ɗan aji a saman shagon gyaran waya kusa da Adjamé Mairie, inda 'yan kasuwa masu zuwa Accra da Legas da Dubai ke zuwa, don sun gaji da yawo da tafinta. Ajin dai benci huɗu ne da allo, da fanka mai kukan tsiya, da taga ɗaya da ba ta hana ƙahon motoci shigowa.

Nan Alhaji ya same ni wata Litinin. Abokin marigayi mahaifina ne, ya baro Nijar tun yana saurayi, ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana auna yadi a Treichville. Mutum ne mai farar riga da ko a tsakiyar damina ba ka ganin ɗigon taɓo a jikinta. Yana jin Hausa da Zabarmanci da Julanci da Faransancin kasuwa, kuma in rigima ta tashi a layinsu shi ake kira ya raba. Ya ci naman sunana, amma tun ranar da ya zauna a bencina bai ƙara kirana da komai ba sai Malama. Ni kuma Baba nake ce masa.

Na ɗauka Dubai zai fara zuwa, ashe ba kasuwa ta kawo shi ba. 'Yar autarsa tana aure a Amurka, ta haifi 'ya mace aka sa mata sunan mahaifiyarsa, don haka shi bai taɓa faɗin sunan yarinyar ba, Inna yake ce mata. Yarinyar ta kai shekara shida, makaranta ta haɗiye ɗan Faransancin da uwar ke yi mata, Hausa kuwa dama uwar ma rabi da rabi ce. In an kira ta bidiyo sai ta ɗaga masa hannu ta ruga. Kuma za su zo babban hutu, saura wata tara.

"Malama," ya ce, "uwata ce ta dawo, kuma ba ma jin juna. So nake in ta zo in tsokane ta ta rama, kamar kowane kaka da jikarsa. Shi ke nan abin da nake nema."

Na ce masa wata tara ai ya isa har ya yi yawa. Haka nake, ba na rasa cika baki.

Wata guda ya wuce ban ji muryarsa ba. Yana zuwa kafin kowa, yana rubuta komai da ajami a wani ƙaramin littafi, in na ce a maimaita tare sai in ga leɓensa na motsi babu sauti. In na nuna shi shi kaɗai, sai ya ɗaga hannu a hankali ya ce in wuce, ya gane. Abin ya riƙa cina. Na koma gida ina ta mita, na ce wa mahaifiyata tsohon nan ɓata mini lokaci kawai yake yi. Ta ce ni kam ban san mutanena ba, mutumin da ake kai wa ƙara a kasuwa shi zai tsaya gaban sa'o'in 'ya'yansa yana in'ina, a kuma gaban 'yar da ya gani cikin zanin goyo? Na ce to ai koyo ba ya yiwuwa sai da kuskure. Ta ce in je in faɗa masa da kaina in na isa.

Ban isa ba, sai na nemi dabara. Na ce wa 'yan ajin daga yau kowa zai riƙa aiko mini da saƙon murya ta waya, wanda mu a nan muke kira vokal, na minti ɗaya, ni kaɗai zan ji. Na ƙara da wata magana da na daɗe ina alfahari da ita: in bai yi muku daɗi ba ku goge ku sake, ba wanda zai sani.

Ina cikin woro-woro, taksin haɗakar nan, za ni Williamsville gaida gwaggota vokal ɗinsa na farko ya shigo. Na kara wayar a kunne, ga direba ya saki kiɗa, ga wata mata da kwandon kifi a cinyata rabi. Sai na ji Ingilishi tsaf, a hankali, kowace kalma zaune a wurinta. Ya gaishe ni, ya tambayi lafiyar mahaifiyata, ya faɗi abin da ya ci da safe da launin atamfar da ta fi fita a makon. Na saurara sau uku har na wuce inda zan sauka, na dawo da ƙafa ina dariya ni kaɗai a hanya.

Daga nan abu ya buɗe. Wani cikin 'yan ajin ya saka masa wata manhaja mai muryar mace, tana faɗi kana maimaitawa, tana yi maka tambaya kana amsawa. Baturiyar yake ce mata. Hajiya matarsa ta ba ni labari cewa ba ya fara darasi sai ya gaishe ta, ba ya katse ta in tana magana, in zai kashe kuma sai ya yi mata sallama. A aji dai yana nan yadda yake, shiru, amma ban ƙara damuwa ba. Vokal ɗinsa sun fi na kowa, har nakan nemi izininsa in kunna wa sauran don su ji kunya.

Cikin wata na huɗu ya fara aika wa Inna ta wayar uwarta. Ita kuma ta riƙa maido masa, da muryarta mai sauri kamar ana korar ta. Sai ya kawo mini bayan an tashi aji, mu rage saurin, mu warware maganar kalma kalma, ya tafi ya kwana yana shirya amsa. Ya ce mata marowaciya ce, ta yi bikin zagayowar haihuwarta ta cinye kek ita kaɗai. Ta ce masa ta ga hotonsa, kunnuwansa sun yi girma, ko da su yake kamo tashar rediyo. Ranar da muka warware wannan, Alhaji ya yi dariya har ya cire hula ya share ido da bakin riga. A wannan watan ne na tsaya gaban malaman makarantarmu na ce musu wanda bai shigar da waya cikin koyarwarsa ba ya tattara allinsa ya koma gida.

Wata Asabar na haye gada zuwa Treichville sayen atamfar bikin 'yar ƙanwar mahaifiyata. Shagonsa a buɗe, shi ba ya gaba. Daga can ciki, bayan tulin turame, na ji muryarsa yana faɗin jimla ɗaya. Ya faɗa, ya tsaya, ya yi tsaki, ya sake. Na tsaya ina juya atamfa a hannu, na ji ta ta fi sau goma kafin na yi sallama. Da ya fito na tambaye shi sau nawa yake maimaita vokal kafin ya aiko. Ya ce bai taɓa ƙirgawa ba, wani lokacin daga azahar har la'asar. Sai ya jawo wani turmi daga ƙasan kanta, ya buɗe ya nuna mini inda rini ya zame, ya ce irin wannan ba ya hawa kanta, ba ya nuna wa mai saye kayan da ke da aibi, balle uwarsa Inna. Na yaba masa, na ce haka ake son ɗalibi. A kan gada ina dawowa wani abu ya ɗan sosa mini rai, amma cunkoson motoci da zafi suka ɗauke mini hankali, na manta.

Ranar da za su iso ya ce lallai in zo. Gidan a cike yake, maƙwabta da surukai da matan layi, an dafa shinkafa da miyar gyaɗa, an soya kifi, ga acheke, dambun rogon nan. Taksi ya tsaya da yamma lis. Kafin uwar ta gama fitowa yarinyar ta riga ta faɗo tsakar gida, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta gane shi, ta ruga ta rungume gwiwoyinsa. Sai ta ɓalle da magana: jirgi ya girgiza, haƙorinta ya fita a hanya, ga shi a aljihu, ta kawo masa kek da gaske, ya sunkuyo ta ga kunnuwan.

Babu kalma ɗaya cikin waɗannan da bai sani ba. Ni na koya masa su, wasu ma shi ya fara amfani da su. Ya ɗora hannu a kanta, bakinsa ya buɗe ya rufe, ɗaya hannun ya tafi aljihu yana lalube. Mutane sun yi tsit suna jiran su ji Ingilishin da aka yi wata tara ana ba su labari. Sai ya ɗago ido ya dube ni. Ni kuma maimakon in yi shiru in ba shi lokaci, sai na yi caraf na fassara masa, ya amsa da Hausa, na juya mata. Yarinyar ta kalle ni, ta kalle shi, ta saki gwiwoyinsa. Har yau ban san ko rufa masa asiri na yi a wurin ko hanya na tare masa ba.

Bayan an ci abinci ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Can an jima wayar uwar ta yi ƙara. Ta kunna, sai ga muryarsa tsaf, yana yi wa Inna barka da zuwa, yana tambayarta wane ɓera ne ya sace mata haƙori. Gidan ya ɗauki shewa da tafi, yarinyar ta yi tsalle ta ruga ta buga ƙofar. Ya buɗe yana murmushi, ta jefa masa amsa, ya ci gaba da murmushi. Ni ma na yi tafin tare da mutane.

Haka aka ci gaba. Yana ɗaki yana aikowa, tana tsakar gida tana amsawa, bango ɗaya ne tsakaninsu. Da farko ta ɗauke shi wasa. A mako na biyu uwar ta hau benen ajina bayan an tashi, ta zauna a benci ba ta ko cire jakarta ba.

"Yaya, vraiment, ban san yadda zan yi ba," ta ce. "Jiya ta tambaye ni yaushe kakanta na cikin waya zai zo. Ta ce wannan na gidan ba ya son ta."

Ta ce ta yi mata bayani har ta gaji, yarinyar ta ce a'a, wancan yana da dariya, wannan kallo kawai yake yi. Ta daina zama kusa da shi. In ya shigo gida sai ta koma bayan Hajiya.

Washegari ina tashi daga makaranta na wuce kasuwa raina a ɓace, ni kaina ban san da wa nake fushi ba. Na same shi a bayan turamensa. A karon farko a rayuwata na yi masa magana ba ladabi, na ce ya ajiye wayar nan ya dube ni ya gaishe ni da Ingilishi, gaisuwar da ya aiko mini ta fi sau ɗari. Ya ajiye. Ya dube ni. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya fito da kalma biyu, ta uku ta maƙale.

"Malama, ke kika ce in goge," ya ce, ba da faɗa ba. "Yanzu in na buɗe baki, yatsana ne ke neman wurin gogewa. In bai samu ba sai maganar ta koma ciki."

Na gwada juya masa baya, sai ga magana tana fitowa kaɗan kaɗan, ina waiwayowa ta ɗauke. Na ce ya rufe ido, ya ce shi ba ya rufe ido a kasuwa. Muka yi ta wannan shirme har aka kira la'asar. A hanyar gida na riƙa juya abin. Ba don wayar ba, da har yau bai furta kalma ɗaya ba, da yarinyar ba ta ma san tana da kaka mai tsokana ba. Don wayar kuma, ga shi da kalmomi cike da ciki ba ya iya miƙa ko ɗaya ga mutumin da ke tsaye gabansa. In na ɗora laifin a kan wayar, sai in tuna ni na ce a goge. In na ɗora a kaina, sai in tuna wata gudan da ya yi a aji kamar an ɗinke masa baki. Na isa Adjamé ban tsayar da komai ba, har na wuce mai sayar da garba, wato acheke da soyayyen kifi, ban sayi abin da mahaifiyata ta aike ni ba.

Ranar komawarsu na je sallama da hantsi. An ɗaure akwatuna, Hajiya tana ta cusa busasshen kifi da yaji a duk inda ta ga rami. Alhaji na zaune a tabarma a baranda, waya a hannu, na san ɗaki zai shiga ya shirya bankwana. Yana yunƙurin tashi sai yarinyar ta zo ta tsaya gabansa. Daga baya uwar ta gaya mini cewa kwana biyu kafin nan ta kama ta tana leƙen tagarsa, ta daɗe tana kallonsa yana magana da waya yana tsaki.

Ta miƙa hannu ta zare wayar. Ta zauna dirshan a gabansa, ta danna da babban yatsa yadda ta ga uwarta na yi, ta kai wayar bakinsa, ta ce masa ya yi magana. Bai dube ta ba, wayar ya duba. Ya fara. Ya yi tuntuɓe a kalma ta huɗu, ya maimaita ta sau uku, Faransanci ya faɗo ciki, Hausa ta biyo baya, ya yi tsaki ya kai hannu zai goge. Ta janye wayar ta ɓoye a bayanta, ta ɗage yatsa, saƙon ya tafi. Sannan ta je ta ɗauko wayar uwarta ta kunna shi da ƙarfi a gaban kowa, har da tsakin.

Na ji kamar in nutse. Surukansa biyu suna wurin, kowa ya sunkuyar da kai. Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, ga giɓinta a waje, ta ce masa yana magana kamar jariri. Kafin in yi tunanin ko in fassara ko in yi shiru, sai na ji ya ce mata, da wani karkataccen Ingilishi da ban taɓa koya wa kowa ba, jariri shi ne wanda ba shi da haƙori. Bai tsaya ba, bai duba waya ba. Ta yi ihu ta kama kunnensa ta ce to wannan fa, ya ce da shi yake jin marowata tun daga Amurka. Ta rama, ya rama. Rabin abin da yake faɗi a karye yake, ita kuma ba ta rasa ko ɗaya ba. Suna cikin haka mai taksi ya danna ƙaho a ƙofar gida. Cikin mako uku, abin da suka samu bai fi minti goma ba.

Washegari ina ɗakin malamai vokal ɗinsa ya shigo. Da hayaniyar kasuwa a ciki, da tari, da wata mata tana tambayar kuɗin yadi. Da Ingilishi yake gaya mini sun sauka lafiya, kuma Inna ta ce vokal ɗinsa na jiya ta fi so, shi take ta kunnawa a jirgi. A ƙarshe ya koma Hausa ya ce, "Malama, wannan ban goge ba."

Sai da ya kai nan na lura da hannuna. Tun yana magana na riga na ɗauki jan biro, na jera kurakuransa guda shida a bayan takardar jarrabawar wani ɗalibi, kamar yadda na saba. Na daɗe ina kallon jerin. Sannan na danna don in ba shi amsa, na fara, ban ji daɗin yadda ta fita ba, na goge. Na sake, na goge. Aka buga ƙararrawa ina riƙe da wayar, na tafi aji ban aika masa komai ba.